Allurar Baya ko Allurar Barci: Amsa ga Magidancin da Za a Yi wa Maiɗakinsa Aiki

Wani magidanci daga wani ƙauye a yankin Ringim ya aiko da tambaya. Maiɗakinsa na da cikin wata takwas, ciki na uku. An yi hoto a wurin awo an ga yaron ya kwanta a gicciye, aka ce musu in bai juya ba aiki za a yi. Mahaifiyarsa ta ce ko da za a yi, kada ya yarda a yi mata allurar baya, domin ta san wata mata da tun da aka yi mata ba ta rabu da ciwon baya ba, kuma ta ji an ce tana shanye ƙafa. Yana tambaya: ya roƙa a sa ta barci gaba ɗaya? Kuma da gaske akwai bincike a kan wannan, ko don arha ake zaɓar allurar bayan?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya raba su lafiya.

Na daɗe ina aikin allurar barci da ta kashe zafi a ɗakin tiyata, yawancin shekarun a asibitocin karkara na Jigawa, kuma maganar da Inna ta faɗa maka na ji ta ba adadi. Ba zan ce ta faɗi ƙarya ba. Matar da ta sani tana fama da bayanta, wannan gaskiya ne. Abin dubawa shi ne ko allurar ce ta jawo. Tun da hankalinka a tashe yake, bari in fara da amsar: mace mai lafiya wadda aka shirya wa aikin haihuwa, allurar baya ta fi mata aminci a kan barci. Da ƙanwata ce a kan gadon, ita zan zaɓa mata.

Mutane na ganin barci shi ne sauƙi, ka rufe ido ka buɗe an gama. A wurinmu kuwa shi ne aiki mai nauyi, musamman ga mai ciki. In aka sa mutum barcin tiyata, ba ya iya tari, ba ya iya haɗiya, sau da yawa ma numfashinsa mu muke yi masa ta wani bututu da muke zura wa a maƙogwaro. Mai ciki kuwa maƙogwaronta kan ɗan kumbura, cikin ya tokare mata huhu har iskar da take ajiyewa ta ragu, abinci na daɗewa a tumbinta in naƙuda ta fara, kuma bakin tumbin ya saki. Sai a haɗu da matsala biyu: bututun ya ƙi shiga, ko abin da ke tumbi ya taso ya gangara huhu. An ƙiyasta cewa a cikin masu ciki kusan 400 da aka sa barci, akan samu ɗaya da bututun ya gagara shiga. Na biyun kuwa tun 1946 wani likita a Amurka, Curtis Mendelson, ya bi bayanan haihuwa 44,016 a wani asibitin birnin New York, ya tarar da mata 66 da abin cikinsu ya faɗa musu huhu suna cikin barci. Ruwan tumbi yana da tsami mai ƙuna, in ya shiga huhu ƙona shi yake yi. Daga wannan binciken ne dokar hana cin abinci kafin tiyata ta yi ƙarfi a duniya.

Da aka ƙirga mace-macen mata masu haihuwa a Amurka tsakanin 1985 da 1990, sai aka ga haɗarin mutuwa ta dalilin barci ya ninka na allurar baya kusan sau 17. Bayan shekaru, da kayan aikinsu suka inganta aka ƙara horar da ma'aikata, tazarar ta ragu har ba ta kai ninki biyu ba. Ka lura da wannan, domin yana nuna cewa barcin kansa ba dafi ba ne, yana dai buƙatar kaya da hannaye da ba kowane asibiti ke da su ba. A ƙasashe irin namu, wani babban nazari da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2016, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, ya nuna haɗarin mutuwar uwa ya ninka kusan sau uku in barci aka sa ta, kuma jaririn ma haɗarinsa ya ƙaru. Ko da yake wasu daga matan da ake sa wa barci dama su ne suka zo a jigace, duk da haka inda aka duba alƙaluman ɓangare guda suke karkata. Gaskiya ne allurar baya ta fi arha. Amma a Ingila da Amurka, inda kuɗi ba shi ne matsalar ba, ita ake yi wa mafi yawan matan da za a ciro wa jariri.

Bari in kwatanta maka yadda ake yin ta, domin tsoro ya fi kama mutum a kan abin da bai taɓa gani ba. Za a fara sa mata ƙarin ruwa a hannu. Za ta zauna a bakin gado, ƙafafu a kan ɗan benci, ta rungume matashi, ta sunkuyar da kai, ta turo bayanta waje. Wata nas na tsaye a gabanta riƙe da kafaɗunta. Ni kuma in wanke bayan da maganin kashe ƙwayoyin cuta, in laluba saman ƙugunta da yatsu, in sami ratar da ke tsakanin ƙasusuwa biyu na ƙasan gadon baya. Allurar siririya ce ƙwarai, ba ta kai kaurin wadda ake ɗiban jini da ita ba. Ba ƙashi ake soka ba, ta tsakanin ƙasusuwan ake bi. Laka kuma, wadda ita ce abin tsoro, tana ƙarewa ne a sama da wurin da muke shiga. A ƙasa sai jijiyoyi da ke lilo a cikin wani ruwa garai-garai. In ɗigon ruwan nan ya bayyana a gindin allurar, mun san mun isa. Sai a tura maganin, bufibaken, wajen mililita biyu, bai cika rabin ƙaramin cokalin shayi ba, a zare allurar. Ba a barin komai a bayan.

Kafin minti biyar za ta ce ƙafafunta sun yi ɗumi, sun yi nauyi, sannan ta kasa ɗaga su. A nan ne mata da yawa ke firgita in ba a gaya musu tun farko ba, kuma ina zaton daga nan labarin shanyewar ƙafa ya samo asali. Mukan ɗauki auduga mai sanyi mu bi jikinta daga cinya zuwa ƙirji muna tambaya, nan fa, kina jin sanyi? Sai mun tabbatar maganin ya hau har wajen ƙirji kafin likita ya ɗauki wuƙa. Za ta ji ana taɓa ta, ana ja, ana danna cikin lokacin fito da yaro, amma ba zafi. In ta ji zafi ta faɗa nan take, akwai abin da za a ƙara mata. Ta ji kukan ɗanta da kunnenta, a nuna mata shi, sau da yawa ma a ɗora mata a ƙirji ana cikin ɗinki. Bayan awa biyu zuwa huɗu yatsun ƙafa su fara motsi.

To, ciwon baya fa? An yi gwaji a kan wannan tambayar kai tsaye. A Ingila an ɗauki mata 369 masu haihuwar fari aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi a ba su allurar baya ta naƙuda, wadda ake kira efidural, rabi a ba su wasu magungunan. Aka bi su har bayan shekara biyu, aka buga sakamakon a 2002: ciwon baya ya yi yawa a ɓangarorin biyu, kuma babu bambanci tsakaninsu. Allurar efidural ta fi wadda ake yi don aiki kauri nesa ba kusa ba, ita ma ba ta bar ciwo mai daɗewa ba. Wurin da aka soka yakan yi tsami kwana biyu zuwa mako, shi ke nan. Abin da ke kawo ciwon shi ne cikin kansa: yana sassauta gaɓoɓin ƙugu, yana lanƙwasa baya wata da watanni. Sai ka ɗora rayuwar matanmu a kai. Kafin arba'in ta cika ta koma surfe da daka, tana jan guga a rijiya, tana shara a sunkuye, ga goyo a baya, ga wani cikin ya biyo kafin jiki ya murmure. Ka tambayi Inna cikin ladabi mata nawa ta sani masu ciwon baya da ba su taɓa shiga asibiti haihuwa ba. Wadda aka yi wa allura tana da abin da za ta nuna ta ce shi ne sila, sauran kuwa sai su ce gajiya ce.

Shanyewar ƙafa ba zan ce ba ta taɓa faruwa a duniya ba. A 2009 ƙungiyar likitocin allurar barci ta Birtaniya ta fitar da ƙidayar shekara guda cur, allurar baya wajen 700,000 a faɗin ƙasar. Waɗanda suka samu lahani na dindindin, in an ɗauki mafi munin lissafi, kusan huɗu ne a cikin kowane 100,000, kuma a cikin masu haihuwa abin ya fi haka ƙaranci. Akwai kuma wani abu da muke gani a nan wanda ake ɗora wa allura alhali ba ita ba ce. Macen da ta kwana biyu tana naƙuda a gida, kan yaro ya danne jijiyoyin ƙugunta, za ta iya tashi da ƙafa ɗaya tana ja, wani lokaci har da yoyon fitsari. Masu aiki a sashen yoyon fitsari na Jahun sun san irin wannan tafiyar. An yi mata allurar baya a ƙarshe, gaskiya ne, amma doguwar naƙudar ce ta ci ƙafar.

Abin da allurar ke jawowa da gaske shi ne ciwon kai, kuma tun ranar farko aka san shi. Likitan da ya fara ta, August Bier, a garin Kiel na Jamus a 1898, ya sa mataimakinsa ya gwada a jikinsa, shi ma ya gwada a jikin mataimakin. Dukansu suka kwanta da ciwon kai, Bier sai da ya yi kwana tara a gado. Ruwan nan ne ke ɗan yoyo ta hudar allura. Alamarsa ba ta ɓuya: in ta zauna ko ta miƙe kai ya sara, in ta kwanta ya lafa. Wani nazari da Lancet ta buga a 2018, wanda ya haɗa gwaje-gwaje 110 da mutum sama da 31,000, ya nuna allura mai baki irin na fensir ta rage shi daga kashi 11 cikin 100 zuwa kusan kashi 4. Yawanci yana wucewa cikin mako guda da kwanciya, shan ruwa, farasitamol da ɗan shayi ko kofi. In ya zo da zazzaɓi, sanƙarewar wuya, gani dishi-dishi ko jijjiga, a komo asibiti a ranar.

Yanzu ga abin da ni nake tsoro, wanda ba a maganarsa a tsakar gida. Allurar baya na saki jijiyoyin jini na rabin jiki, sai awon jini ya faɗi, wani lokaci cikin minti biyu. Ga nauyin mahaifa ya danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya in mace ta kwanta rigingine. Maganinsa sananne ne kuma ba tsada: a ɗan karkata ta hagu, a buɗe ƙarin ruwa, a ba da allurar da ke ɗaga jini, a sa iskar oksijin. Amma sai in akwai mai kallo. Rahotannin binciken mutuwar mata masu haihuwa a Afirka ta Kudu sun sha nuna mata suna rasuwa bayan allurar baya a ƙananan asibitoci, galibi saboda wanda ya yi allurar bai ƙware ba, ko an bar matar ba mai lura da ita.

Wani dare, shekarun baya, na yi wa wata yarinya allurar, haihuwarta ta fari. Muna hira tana gaya mini sunan da take so a sa wa yaron, sai ta yi hamma, ta ce tana jin tashin zuciya, leɓenta ya yi fari. Ɗan abin da muke maƙala wa yatsa, mai ƙirga bugun zuciya da iskar jini, sai ƙararsa ta canza, bugun ya ja baya. Maganin na cikin sirinji a gefen hannuna, dama na zuƙe shi tun kafin in taɓa bayanta. Na tura, na ce a ƙara karkata gadon, na matse ledar ruwa da hannu. Kafin minti ɗaya ta buɗe ido sosai ta ci gaba da maganar sunan. Ba ta san abin da ya wuce ba. Da ina can ina neman mabuɗin kabad, da labarin ya sha bamban.

Wannan shi ne abin da manyan bincike na nahiyarmu suka gano. A 2018 aka buga sakamakon bin diddigin masu tiyata sama da 11,000 a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, har da Nijeriya. Marasa lafiyarmu sun fi na Turai ƙuruciya da ƙarancin cututtuka, amma haɗarin mutuwarsu bayan tiyata ya ninka na sauran duniya biyu, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na mace-macen ba ranar aikin suka faru ba, a kwanakin da suka biyo baya ne, a ɗakin kwanciya. Da aka ware matan da aka yi wa aikin haihuwa, su kusan 3,700, aka samu mutuwar biyar da ɗoriya a kowace 1,000, wato kusan ninki 50 na ƙasashe masu arziki, kuma zubar jini na kan gaba cikin dalilai. Ƙungiyar likitocin allurar barci ta duniya ta ce ya kamata a samu aƙalla likita biyar na wannan fanni ga mutum 100,000. A Nijeriya ba mu kai ɗaya ba, shi ya sa a karkara nas-nas da aka horar su ne ke riƙe da aikin.

Saboda haka in ka je, kada ka ɓata bakinka wajen roƙon barci. Ka tambaya cikin mutunci: wa zai zauna a wajen kanta tun daga farko har ƙarshe, wanda ba shi ne mai yankan ba? Akwai oksijin? Akwai jini irin nata a ajiye? Ma'aikacin kirki ba zai ji haushin wannan ba.

Akwai lokacin da mu da kanmu za mu ce ba za a yi allurar baya ba. In ta zubar da jini mai yawa har jikinta ya yi sanyi, in jininta ba ya daskarewa, kamar yadda kan faru ga wasu masu hawan jinin ciki mai tsanani, in akwai ƙurji mai ruwa a wurin da za a soka, ko wani ciwon zuciya. A nan barci ne mafita, sau da yawa da ketamin, maganin da ba ya kayar da awon jini. Mai farfaɗowa daga ketamin kan yi surutai ko ta ga wasu abubuwa. 'Yan'uwa su sani magani ne ke sakinta, ba iska ba ce, ba kuma taɓin hankali ba.

Tun da ko an yi niyyar allurar baya ana iya komawa barci a tsakiyar aiki, dokar abinci na nan. Awa shida ba abinci, ruwa zalla kuwa har zuwa awa biyu kafin a shiga. Kunu, koko, fura da nono duk abinci ne a lissafinmu. In an ba ta wani abu, ko rubutu ne ko jiƙo, a faɗa mana gaskiya da lokacin da ta sha. Ba faɗa za mu yi ba, shiri za mu canza. Na ga uwa ta ɓoye kofin kunu a bayan zane don tausayin 'yarta, ta ce ba ta ci komai ba. Tausayin na gane shi, amma da barci aka sa yarinyar, kunun nan zai iya ƙarewa a huhunta.

Bayan aiki, in maganin ya saki, ciwo zai zo, kuma a nan kunya ke cutar da matanmu. An tarbiyyantar da su su danne, su ciji gefen zane, kada a ji. Sai ka zo zagaye ka tarar da mace ta jiƙe da gumi, ta ƙame ba ta motsi, ka tambaye ta ta ce da sauƙi. Wadda ke cikin ciwo ba ta numfashi sosai, ba ta tashi ta taka, ba ta iya riƙe yaro ta ba shi nono, kuma zaman wuri ɗaya na jawo daskarewar jini a ƙafa. Abin da gwaje-gwaje suka tabbatar shi ne a haɗa farasitamol da diklofenak ko makamancinsa, a sha a kan lokaci ba sai ciwo ya taso ba, a ajiye mai ƙarfi irin fentazosin don in waɗannan sun gaza. Mai gyambon ciki, ciwon ƙoda, hawan jinin ciki mai tsanani ko wadda ta zubar da jini sosai, ba a ba ta diklofenak sai likita ya duba. Kuma don Allah kada a sayo mata tiramol ko kodin a kemis. Suna bi ta nono, kuma tun 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta gargaɗi masu shayarwa a kansu, saboda suna iya danne numfashin jariri. Ka ce wa wadda za ta yi jinyarta, in ta ga fuskarta ta canza ta kira nas ko da ita ta ce ba komai. Haka in ta ga jini ya jiƙe ƙunzugu da sauri.

In Allah ya sa yaron ya juya ta haihu da kanta, nan ma neman sauƙi ba gazawa ba ne. Efidural sai manyan asibitocin birni, amma akwai allurar rage zafi, wadda ake kauce wa bayarwa dab da fitowar yaro don kada ya fito da kasalar numfashi. Akwai kuma abin da ba ya cin ko kwabo: gwaje-gwaje 26 da suka haɗa mata sama da 15,000 sun nuna macen da ke da wata a gefenta tun farkon naƙuda har ƙarshe, tana shafa mata baya tana ƙarfafa ta, naƙudarta ta fi gajarta, ta fi ƙarancin buƙatar magani da aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan cikin shawarwarinta na 2018. In asibitin sun yarda, a bar mata yayarta ko gwaggonta, wadda ta fi sakewa da ita.

In kuwa bai juya ba, yaron da ke gicciye ba ya fitowa ta hanya ko wace ungozoma ce, kuma jiƙon gaggauta naƙuda na iya fasa mahaifa. In faya ta fashe, hannu ko cibiya na iya rigan fitowa. Ku karɓi ranar da aka ba ku, galibi wajen mako na 39, ku je kafin ciwo ya fara. Ka nemi 'yan'uwa biyu ko uku da za su ba da jini a gwada su tun yanzu, ka yi magana da mai mota ka riƙe lambarsa, musamman in damina ce hanya ta yanke. In za ka yi tafiya, ka bar wa wani izinin sa hannu, ka kuma sanar da asibitin ko wane ne. Ranar awo mai zuwa ka tafi da Inna, ka roƙi mai allurar ya nuna mata allurar ta riƙe ta da hannunta, ta yi duk tambayar da ke ranta.